Rigar Lantarkin da Na Goge

Har yanzu idan maƙwabciyarmu ta ƙona shara da leda a ciki, sai in ajiye abin da ke hannuna in fice ƙofar gida. Mako uku ke nan da faruwar abin. Na zauna rubuta shi ne don na gaji da zagaya tsakar gida.

Yayana makanikin jirgin sama ne, a wani ƙaramin kamfani mai ɗaukar hoton gonaki daga sama. Tun da sojoji suka koma bariki farar hula suka hau, kowane babban mutum ke son ganin filinsa a hoto, aiki ya yi musu yawa. Ni kuwa na gama sakandare ina zaune a Unguwar Boro ina taya Mama suyar ƙosai. Shi ya nemo mini aikin. A ƙasan jirgin akwai rami inda aka ɗaure kamara. Matuƙi ya ce danna, in danna, in rubuta lamba a takarda. Shi ke nan.

Cikin jirgin bai fi na tasi girma ba. Matuƙin, wanda kowa ke kira Kyaftin, tsohon sojan sama ne ɗan Filato, ga furfura ga son tsokana. Ranar farko ya miƙo mini wata baƙar riga mai kauri, marar hannu irin falmaran, da waya tana reto a gefenta.

"Sa wannan, 'yata."

"Oga, a wannan zafin?"

"Ke dai sa. In muka hau, sai kin kira sunan kakarki."

Bai yi ƙarya ba. Da muka yi nisa sama, iska ta riƙa shigowa ta ramin kamara kamar an buɗe firji, yatsuna suka ƙi riƙe biro. Ya nuna mini soket a gefen kujerata, na cusa wayar, ba a jima ba ɗumi ya bazu a bayana kamar an goya ni. Ashe siraran wayoyi ne aka ɗinke a cikin rigar, wutar jirgi ke ɗumama su. Riguna biyu ne iri ɗaya, tasa da tawa, soket biyu, kuma Yaya ne ya haɗa soket ɗin da hannunsa.

Wajen sauka cikina ya juya, na ɗan yi amai a gaban rigar. Kunya ta kama ni. Na naɗe ta na tura cikin jakata ba wanda ya gani.

A gidanmu ba a mayar da kayan aro yadda aka karɓo shi. Tukunya sai an goge ta har gindi, zane sai an wanke an goge an ninke. Mama na ganin rigar ta riƙe haɓa.

"Haka za ki mayar wa babban mutum kayansa? A ce 'yar gidan wa?"

Muka jiƙa ta da sabulu, na cuɗa. Da yake ta yi nauyi, Mama ta kama gefe na kama gefe muka murɗe ta sosai, yadda muke yi wa bargo. Ranar Lahadi bayan coci na zuba gawayi a dutsen guga. Akwai wani wuri a bayanta da ya ƙi kwanciya, na danna dutsen na daɗe. Na ji ɗan warin roba, na ce ai yadin Turawa ne.

Ranar Litinin na ɗora ta kan 'yar'uwarta a cikin akwatin ofis. Ba wanda ya lura, har na ji haushi kaɗan. Kyaftin ya zo cikin sauri ya ɗauki ta sama, ya bar mini ɗayar.

Muna saman gonakin Kakau, ina kallon titin Abuja kamar zare, na ga yana ta mutsu-mutsu a kujera.

"Kina jin wani wari?"

Ina ji. Na kuma san shi, don jiya-jiya na shaƙe shi a tsakar gidanmu. Kafin in buɗe baki hayaƙi ya taso ta wuyan rigarsa. Ya saki hannu ɗaya yana dukan bayansa, jirgin ya karkata, takarduna suka watse, gonaki suka dawo ta tagar gefena.

"Zare wayar! Tawa, tawa!"

Na miƙa na fizge ta da hannu biyu ina kiran Yesu. Ban san yadda ya daidaita jirgin ba. Abin da na sani, haƙoransa a cije suke har muka sauka. Da aka cire masa, ƙunar bayansa ta kai tafin hannu.

A ranar mai kamfanin ya dakatar da Yaya. Ya ce soket ɗin ne ya aika wuta fiye da kima, in bincike ya tabbatar, ba zai ƙara taɓa jirgi ba, a nan ko a wani wuri. Ina tsaye aka faɗa. Na ɓoye maganar wankin.

Kwana huɗu Yaya yana zaune kan benci a ƙofar ɗaki yana zana wayoyi a takarda. Ya zana ya yaga. Tuwo ya huce a gabansa.

"Na gwada shi sau uku," yake ta faɗa, ba da kowa ba. "Sau uku."

Mama ba ta haɗa wankin da wutar ba sam, addu'a take a kan maƙiya. Ni na share tsakar gida, na sake sharewa. Na je famfo da bokiti a cike. In na zauna sai in miƙe. Na ce a raina in na faɗa, ni ce na kusa kashe mutum. In na yi shiru, shekarun da Yaya ya yi yana koyon aikin nan sun tafi.

Rana ta biyar na hau bas zuwa unguwar Nasarawa, gidan Kyaftin. Sau biyu ina wuce ƙofar. Matarsa ce ta hango ni ta shigar da ni. Yana kwance rub da ciki a kan tabarma, an rufe ƙunar da auduga.

"A'a, mai danna kamara! Kin zo ganin gasasshen nama?"

Na durƙusa. "Oga, ba Yaya ba ne. Ni ce. Na wanke rigar."

Ya ɗago kai. "Kin me?"

"Na yi amai a jikinta. Na wanke, na murɗe, na goge."

"Da dutsen guga?"

"Na gawayi."

Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Dariya yake, yana cewa wash, yana dariya.

"Uwargida, zo ki ji! Shekara nawa ina soja harsashi bai taɓa ni ba, tarbiyyar Unguwar Boro ta gasa ni!"

Ni kuka nake. Da ya tsagaita ya ce, "Na ba ki riga na ce sa. Na gaya miki ba a wankewa?"

"A'a, Oga."

"To, rabin ƙunar nan tawa ce. Amma kwana huɗun da yayanki ya yi a gida, wannan naki ne ke kaɗai. Tashi ki je ki gaya masa kafin in buga waya ofis."

Na tarar da Yaya kan bencinsa. Na faɗa masa a tsaye, ban sa sunan Mama ba. Ya daɗe yana kallon takardar hannunsa, sannan ya ninke ta ya sa a aljihu.

"Wato soket ɗina lafiya lau yake."

"Lafiya lau, Yaya."

"Tun ranar kin sani?"

"Tun a sama."

Bai zage ni ba, da ma ya zaga. Ya ce in ɗumamo masa tuwo.

Ya koma aiki washegari. Da suka farke rigar, ya ce robar wayoyin ta narke daidai faɗin dutsen guga. Yanzu yana gaishe ni in na gaishe shi, bai wuce haka ba tukuna. Kyaftin ya aiko cewa kujerata na nan in ya warke, an kuma hana fita da ɗaya rigar daga ofis. Ban yanke shawara ba tukuna. Ɗazu wani ƙaramin jirgi ya wuce ta saman unguwa, na tsinci kaina a tsakar gida da ludayi a hannu, ina shinshina iska.