Amsar da Na Ba Malam Idi na Jiratawa

Cikin shekarun da na yi ina aikin rediyo a nan Maradi, akwai wata Laraba da ban taɓa mantawa da ita ba, kuma ba don daɗinta ba. Ku da kuka zo koyon aiki bana, gara ku ji labarin daga bakina kafin ku ji shi wurin mai shayin ƙofar gida.

A lokacin ni ke gabatar da sharhi kan labaran ƙasashen waje, kowace Laraba da hantsi. Tsarin aikin shi ne wanda kuka tarar. Labarai suna zuwa da Faransanci. Ka fidda su a takarda, ka karanta, ka ja layi ƙarƙashin abin da ya shafi mutanenmu, ka mai da shi Hausa. Daga nan ka kai wa redakta, wato shugaban sashen labarai, ya duba ya sa hannu. Sai da sa hannunsa ake shiga sutudiyo. Redaktarmu ita ce Madam Rabi, mace marar yawan magana wadda ba ta barin ko waƙafi ya wuce ta.

Ni kuwa sunana Lawali, amma Bajamushe ake ce mini. Sati shida na taɓa yi a Jamus wajen horon 'yan jarida, na dawo da 'yan kalmomin gaisuwa. Sunan ya bi ni, ban kuma hana ba. Duk abin da ya shafi Jamus, ni ake tambaya, ni kuma ban taɓa cewa ban sani ba.

Ranar, ƙarshen damina ne, na makara wurin wani suna a Sabon Gari. Madam Rabi ta tafi Tibiri ɗauko rahoto, ta bar mini saƙo cewa ta amince da ni, in shiga ba tare da sa hannunta ba. Labarin da na zaɓa shafi biyu ne. An yi zaɓe a wasu jihohin gabashin Jamus, wata sabuwar jam'iyya ta ba kowa mamaki. Wata 'yar siyasa mai kaifin baki ce ta ɓalle daga jam'iyyar 'yan hagu, ta kafa tata. Na karanta shafin farko a tsaye: a ƙara albashin leburori, a kyautata fanshon tsofaffi, a ɗora wa attajirai haraji, a daina aika makamai fagen yaƙi. Na ce a raina, ai na san irinsu. Na naɗe takardar na shiga.

Da aka buɗe layi ga masu saurare, mutum na uku da ya kira wani dattijo ne. Ya ce sunansa Malam Idi, manomin rani ne a Jiratawa.

"Malam Bajamushe, ɗana Sanusi yana can gabashin da kake faɗi, shekara uku yana jiran takardar zama. Ƙanensa Habu kuma ya dame ni zai bi shi, na hana. Jam'iyyar ga da ta taso, mi ka gani? Alheri ce ga baƙo?"

Ban ko yi jim ba. Na ce, "Baba, kwantar da hankalinka. Jam'iyyar talakawa ce. A Turai duk ɗan hagu abokin baƙo ne, na zauna da su na gani. In suka yi ƙarfi, ƙofa buɗewa za ta yi."

Ya yi mini addu'a har mai kula da na'ura ya katse shi. Na fito ina jin kaina.

Bayan kamar sati uku, mai gadi ya ce ina da baƙo. Na tarar da dattijo siriri, ya sauko daga kabu-kabu, laka ta bushe a gefen takalminsa. Da ya yi sallama na gane muryar. Madam Rabi ta ce a shigo da shi ofis, ta ba shi kujera da ruwa.

Ya ce, "Ba faɗa ya kawo ni ba. Magana biyu ce ta haɗu mini, na rasa ta kamawa."

Ya ciro salula, ya lalubo saƙon murya, ya ajiye bisa tebur. Sanusi ne. Ba zan iya maimaita shi duka ba, amma ga abin da ya ce: wa ya gaya wa Baba wannan magana? Mutanen jam'iyyar nan su ne ke cewa ƙasa ta cika, a rage baƙi, a tsananta ba da mafaka. Akwai wani Bajamushe da suke ɗaukar kaya tare a sito, mutumin kirki, har abincinsa yake raba masa, kuma su ya zaɓa. Ya gaya wa Sanusi ido da ido cewa yana son albashi ya ƙaru, yana son al'adun ƙasarsu su tsaya yadda ya gada, kuma ba ya son a ƙara shigo da kowa. A ƙarshe Sanusi ya roƙi uban. Ya ce, "Baba, don Allah kada ka bar Habu ya taso."

Malam Idi ya kashe salular. Ya ce, "Habu ya yi kwana goma sha biyu da tafiya. Ranar da na ji ka, da bakina na ce masa ya je, Allah ya tsare. To, ɗana bai yi karatun lakkwal mai zurfi ba, kai kuwa ka yi, kuma rediyo ce. Shi ya sa na zo in ji: wa ya yi kuskure?"

Madam Rabi ba ta dube ni ba. Ta tashi ta buɗe kabad, ta ciro takardun shirin ranar. Shafin farko duk layukan birona. Ta juya na biyu, fari tas, ko ɗigo babu. Ta miƙo mini.

"Lawali, karanta wa Baba wannan. Da Hausa. A hankali."

Na karanta. Duk abin da Sanusi ya faɗa yana ciki, har da bayanin cewa batun baƙi na cikin manyan dalilan da suka sa matar ta rabu da tsofaffin abokanta. Wato abin da na ce jam'iyyar za ta yi, shi ne ainihin abin da aka kafa ta don ta ƙi. Da na kai ƙarshe na ce, "Baba, ɗanka ke da gaskiya. Ni ne ban karanta ba."

Sannan ya ce, "To. Allah ya sa haka shi ne mafi alheri." Da ya zage ni, da na fi samun sauƙi.

Madam Rabi ta rubuta wa darekta rahoto, ta sa har da nata laifin na barina in shiga ba sa hannu. An dakatar da ni daga shirin wata guda. Amma kafin nan ta sa na shiga sutudiyo Larabar da ta biyo, na faɗi abin da na ce, na faɗi abin da yake daidai, na kuma faɗi dalili. Na so in ce labarin ne ya zo a gurguje. Ta soke wannan layin da jan biro, ta rubuta: "Ban karanta shafi na biyu ba." Haka na faɗa, Maradi duka tana ji.

An samu Habu a waya yana Agadas. Uban ya roƙe shi ya dawo, Sanusi ma ya roƙe shi. Habu ya ce ya riga ya yi sallama da abokansa, ba zai komo a yi masa dariya ba. Ya ƙetara zuwa Libiya. Yana da rai, yana aikin gini a can, bai kai Jamus ba, bai kuma dawo gida ba. Ban ce da ban yi magana ba da bai tafi ba. Mai yiwuwa da ya gudu ko ba izini. Amma izinin da uban ya riƙe shekara guda, ni na kwance shi cikin minti ɗaya.

Da sanyi ya shigo na hau babur na je Jiratawa. Na tarar da Malam Idi shi kaɗai yana jan ruwa cikin fangalin albasa, rabin gonar ba a shuka ba don babu hannu. Na cire takalmi na kama masa har azahar, ban iya komai ba, sai ɓata masa kunyoyin shuka nake. Da muka zauna ƙarƙashin zogale na sake ba shi haƙuri. Ya ce ya wuce. Ya ce har yanzu yana sauraren shirin.

"Sai dai abu guda, ɗana. In aka tambaye ka abin da ba ka sani ba, ka ce a dakata ka bincika. Mu manoma ne, jira ba ya kashe mu."

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake so ku riƙe. Siyasar wata ƙasa ba ta zama cikin akwatin hagu da dama da muka haddace a makaranta; mutum yana iya ƙaunar talakan garinsu ya rufe wa talakan garin wasu ƙofa. Kuma labarin da kuke gani na nesa ne, a Maradi babu labarin nesa. Kowace ƙasa kuka ambata, akwai wanda ɗansa ke can, ya kara rediyo a kunne, yana shirin yanke shawara da abin da zai fito daga bakinku.