Ranar da Na Ɗauki Shuɗiyar Hula

A lokacin da abin nan ya same ni, ni saurayi ne mai gyaran wutar lantarki, haifaffen Ƙofar Mata, kuma in faɗi gaskiya, mai ji da kansa. Irin samarin nan ne da ba sa fita sai hula ta dace da riga, ba kuma za ka ji sun ce ba su iya abu ba ko da za a yanka su. Mahaifina marini ne, kakana ma haka, ni ne na fara zamewa na kama waya da filaya. Na rubuto ne, Edita, domin na ga ƙannenmu na cikin birni sun fara samun irin aikin da na samu, kuma na san da irin zuciyar da za su tafi, tunda da ita na tafi.

Ina ƙarami, tun ban shiga makarantar boko ba, na taɓa faɗawa rijiyar rini. An aike ni da fura wajen mahaifina da hantsi, na tarar an ɗauke murfin wata rijiya, kumfar samanta tana sheƙi kamar wuyan tattabara. Na ajiye kwanon na leƙa ina neman fuskata a ciki. Abin da ya biyo baya ban riƙe shi a matsayin tsoro ba. Na riƙe shiru, da wani duhu mai shuɗi-shuɗi, da sautin mabuga suna bugun zane daga can nesa, da wani zagayen haske da ban san ko a sama yake ko a ƙasa ba. Sai kuma wani babban hannu ya kama ƙafata ya zaro ni. Haka na riƙe labarin duk tsawon rayuwata. Na yi kwanaki idona na raɗaɗi, mahaifiyata tana dirza ni da soso da sabulu amma shunin ya ƙi fita, 'yan unguwa suna tsokanata wai a shanya ni a kai ni mabuga. Tun daga ranar ban sake yarda ruwa ya rufe mini fuska ba. Ko wanka nake, sai in ɗaga kai sama in zuba ta ƙeya. In abokai sun shirya zuwa dam, ni ne mai gadin takalma, kullum kuma mura nake yi. Amma rijiyar tana zuwar mini a mafarki, kuma abin mamaki mafarkin daɗi gare shi, domin a ƙarshensa hannun nan ba ya fashin zuwa.

Da wani kamfani mai haƙar mai a tsakiyar teku ya ɗauke ni aiki, unguwarmu ta ɗauka. Kafin la'asar na zama injiniya a bakin kowa. Mahaifiyata ta hau dakan dambun nama kamar zan tafi aikin hajji. Mahaifina ya yi murmushi ya ce ashe dai gudun rijiyar da na yi bai kai ni ko'ina ba, na bar ƙarama na tafi babba. Sharaɗi ɗaya ya rage. Wurin aikin ba a zuwa sai a jirgi mai saukar ungulu, kuma ba wanda zai taka jirgin sai ya nuna takardar shaidar cewa an koya masa yadda zai fita idan jirgin ya faɗa ruwa. Babu takardar, babu aikin. Da na ji wannan, sai na gyara zaman hulata na ce ai ƙaramin abu ne.

Wurin horon yana can kudu. Malaminmu wani tsohon sojan ruwa ne mai furfura, ya taɓa zama a Kano, yana jin Hausa kaɗan-kaɗan, kuma tun daga ranar farko ya laƙaba mini Alhaji alhali ko filin jirgi ban taɓa shiga ba. Ya nuna mana wani ƙaton akwatin ƙarfe mai kujeru da tagogi, an ƙera shi kamar cikin jirgin, yana rataye a saman wani tafkin siminti. Ya ce jirgin nan nauyinsa a ka yake, don haka in ya faɗa ruwa kifewa yake yi, mutum ya koma ƙafa sama kai ƙasa, ya rasa gabas ya rasa yamma. Ya ce a wannan hali ido maƙaryaci ne, hannu kaɗai ke faɗin gaskiya. Da jirgi ya taɓa ruwa, hannu ɗaya ya tafi bakin taga ya zauna a can, ɗayan ya tafi kan maɓallin bel amma kada ya buɗe. In ruwa ya kawo haɓa ka ja numfashi. Sai ka jira, ka bar jirgin ya gama juyinsa ya tsaya cak. Sannan ka ture tagar, ka riƙe gefenta gam, ka ɓalle bel, ka jawo kanka waje da hannu, ban da harbin ƙafa don kada ka shuri na bayanka. Rigar ceto kuwa ba a hura ta a ciki, in ba haka ba ta manne ka a jikin jirgin. Ya maimaita, ya sake maimaitawa, cewa duk wanda ya saki taga ya ɓata.

Kafin mu shiga, aka kawo hulunan kwano kala biyu aka jere a kan benci. Malamin ya ce wanda ya iya ruwa ya ɗauki shuɗiya, wanda bai iya ba ko yake jin tsoro ya ɗauki mai ruwan ɗorawa, babu abin kunya a ciki. Na tsaya ina kallonsu. Mai ruwan ɗorawar tana ta ihu kamar rigar 'yan sharar titi. Shuɗiyar kuwa, Edita, irin shuɗin gidanmu ne, wanda ke kwance a tafin hannun mahaifina ko ranar Sallah. Ga mutane daga ko'ina suna kallon Bakanon da ke cikinsu, kuma na san abin da suke tsammani zai ɗauka. Zuciyata ta ce ɗan marina guda ba zai tsallake shuɗi ya ɗauki ruwan ɗorawa a gaban baƙi ba. Na sa hannu na ɗauki shuɗiyar, har da ɗan karkata ta gefe.

Zagayen farko ba a nutsar da mu ba, a saman ruwa muka fito muka shiga kwalekwalen roba. Na gaba aka nutsar da mu a miƙe, na runtse ido na fizgo kaina, ban san yadda aka yi na fito ba, na taso ina dariyar ƙarya don kada a gane. Sai aka zo na kifewa. Aka ba ni kujerar bakin taga. Kusa da ni aka zaunar da wani magidanci ɗan Kalaba, kuku ne, wanda da safen nan ya raba burodinsa da ni ya nuna mini hoton 'ya'yansa mata. Ƙa'ida ita ce ta tagata zai fita, bayan ni. Akwatin ya sauka, ruwa ya shigo ta ƙasa da sanyinsa, ya kama gwiwa, ya kama ƙirji. Na ja numfashi. Duniya ta juya a hankali, kamar ana juya zane a cikin rini.

A nan ne abin ya ƙwace mini. Ban firgita ba, da ma firgitar na yi da ya fi. Shirun nan na ƙuruciya ne ya dawo. Ruwan ya yi shuɗi, ya ƙara shuɗi, har na daina ganin kujeru. Na ji mabuga suna bugu daga nesa, a hankali, ban gane bugun zuciyata ba ne. Wani zagayen haske ya bayyana a wajen ƙafafuna, na ce lalle bakin rijiya ke nan. Har ƙamshin toka da jiƙaƙƙen zane na ji, na ga kwanon furar da na ajiye, na ga inuwar masu shanya tana wucewa. Wani daɗi ya sauko mini irin na yaron da aka goya. Na saki tagar. Hannayena suka tashi suna yawo a gabana kamar ba nawa ba. Na miƙe ƙafa ina jiran hannun mahaifina, ban ko yi shakkar zai zo ba. Na ji ana dukan kafaɗata, amma abin ya zo mini daga wata unguwa mai nisa, ban ga dalilin da zai sa in kula ba.

Mutumin Kalaba ne ke dukana, numfashinsa na ƙarewa, ni kuma na tare masa hanya. Masu nutson da aka ajiye don ceto suna can ɗaya ɓangaren, idonsu na kan masu hula ruwan ɗorawa, domin aikin hular ke nan. Kafin ɗayansu ya lura da shuɗiyar hula da ta ƙi motsi, mu biyun mun sha ruwa. Na farfaɗo a bakin tafkin ina amai. Shi yana gefe a durƙushe yana tari, idonsa jajir. Bai zage ni ba, wallahi da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Tambayata kawai ya yi, cikin sanyin murya, me ya sa na ɗauki shuɗiya. Kunyar wannan tambaya ba ta sake ni ba har yau. Malamin ya kira ni gefe, a ranar bai ce mini Alhaji ba. Ya ce hular ba ado ba ce, ita ce ke gaya wa mai ceto inda zai fara dubawa. Ya ce in koma gida in koyi sa fuska a ruwa in dawo, dama ɗaya ta rage mini, in na sake faɗuwa kamfani zai ba wani gurbina.

Na dawo Kano da sauran dambun nama a jaka. Duk wanda ya tare ni a lungu sai in ce takardu ake jira. Na kulle kaina a ɗaki har mahaifiyata ta fara zargin ko jifa aka yi mini. Wata safiya na gaji da kaina na tafi marina. Na tarar da mahaifina a bakin rijiyarsa, yana tsoma zane yana ɗagawa ya sha iska yana mayarwa. Na tsuguna na kwashe komai na faɗa masa, har da hular, har da jiran da na yi wa hannunsa ya kama ƙafata kamar wancan karon. Bai tsayar da aikinsa ba sai da na kai ƙarshe. Sannan ya dube ni ya tambaye ni wa ya ce mini ƙafata ya kama.

Ya ce ranar nan ba wanda ya ga faɗawata. Shi yana can yana shanya, ya ba rijiyar baya. Da ya waiwayo ya ga kwanon fura a ƙasa babu yaro, sai ya hangi wasu 'yan yatsu a bakin rijiyar, sun yi shuɗi, sun damƙe gefen, ba kai ba kafaɗa, yatsun kaɗai. A wuyan hannu ya kama ni. Ya ce ƙafata tana can ƙasa inda hannunsa ba zai taɓa kaiwa ba, kuma da bai ga yatsun ba da ya ɗauka wasa na tafi, ya ci gaba da shanyarsa. Ya ce ko da ya ɗago ni na ƙi sakin bakin rijiyar, sai da ya ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya. Ya kamo hannuna na hagu da jiƙaƙƙen hannunsa ya nuna mini farcen tsakiya, wanda ke fitowa a tsage tun da na san kaina, wanda nake cewa ƙofa ce ta datse ni. Na zauna a nan ina kallon farcen, hawaye na zuba a gaban abokan aikinsa, ban damu ba. Shi kuwa ya koma kan zanensa, ya ce in na gama in miƙo masa muciya.

Da bahon wanki na fara, a tsakar gida, mahaifiyata na riƙe da tawul tana dariya har da riƙe ciki, wai ga injiniya yana kiwon kifi. Daga baho na koma wurin ninkaya na wani otal, na sami mai koyarwa, na buɗe baki na ce masa ban iya komai ba. Da na koma kudu, ban jira a gama bayani ba na ɗauki hula mai ruwan ɗorawa na ɗaure ta tsaf. Akwatin ya kife, ruwa ya shige mini hanci, babu mabuga, babu zagayen haske, sai ƙarfen taga a tafin hannuna. Na jira ya tsaya, na ture, na ɓalle, na jawo kaina. Da na taso malamin ya ce sannu Alhaji. A ranar aka ba ni takardar.

Ga ƙannena da za su je irin wannan wuri, ko ma wani wurin da ake tambayar mutum abin da ya iya don a tsare ransa, ina roƙonku ku faɗi gaskiya. Girman kan da muke ɗauka daga gida a matsayin mutunci, ni ya kusa sa 'yan matan wani bawan Allah su tashi ba uba, kuma ban taɓa samun damar sake ganinsa in ba shi haƙuri yadda ya kamata ba. Ku ɗauki hular da ta dace da ku ko da ba ta dace da rigarku ba. In kuma ruwa ya rufe ku, kada ku saki abin da kuka riƙe kuna jiran wani, mai ceto ma sai ya ga hannunku zai san inda kuke. Mahaifina ya rasu bara, Allah ya jiƙansa. Mafarkin rijiya bai sake zuwa mini ba, wani lokaci har nakan yi kewarsa. Amma duk ranar da na shiga jirgi, kafin ya tashi nakan ɗora hannun hagu a bakin taga, in dubi tsagaggen farcen nan, in yi wa tsoho addu'a.