Ruwan Tekun da Inna Ta Aike Ni

A shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula, ƙafafun mahaifiyarmu, wadda muke kira Inna, suka kumbura har takalmi ya daina shigarta. Wata maƙwabciyarmu a cikin birnin Katsina ta ce mata ruwan teku yana sa kumburi ya sace. Yayana kuwa yana Legas, yana tuƙa wani babban soja, kuma ya daɗe rabonsa da gida. Da na shirya kai masa ziyara, Inna ta wanke wani ƙaramin galan ta ba ni.

"Ka ce mishi shi ɗebo mini da hannunshi," in ji ta. "Ba kai ba. Shi."

Tun daga tasha nake juya maganar. In galan ɗin ya fashe fa? In ya ƙi fa? Ni mutum ne mai yawan wasiwasi, ko ƙofar shagon ɗinkina na kulle sai na dawo na sake taɓa kwaɗon.

Da na isa Legas, na tarar an yi wa maigidan Yaya ritaya, shi ma aikinsa ya ƙare. Bai gaya wa kowa a gida ba. Yana zaune a ɗaki ɗaya da matarsa, babu motar da yakan aiko mana hotonta. Amma ya tarbe ni da dariya, ya ce ranar Lahadi zai kai ni in ga ruwan da ba shi da tsallake.

Muka fita da hantsi mu biyu. Ban taɓa ganin abu mai girma haka ba, kuma bai burge ni ba, tsoro ya ba ni. Ruwan toka-toka ne, yana ta ƙugi, yana zuwa yana komawa. Muka cire takalma muka bi gefe-gefe. Yaya ya sayi kwakwa aka fasa mana, ya sayi gasasshen kifi. Ni dai galan yana hannuna.

"Malam, ajiye abin nan ka ci kifi," ya ce. "Ka rungume shi kamar jariri."

"Yaya, Inna ta ce kai za ka ɗebo."

"Na ji. Tekun gudu zai yi?"

Muka ci gaba da tafiya. Duk inda muka tsaya sai in ga abin da bai kwanta mini ba: nan leda da ɓawon lemo, can doki ya yi kashi, gaba kuma mutane sun cika ruwan suna wanka. Ta yaya zan kai wa Inna ruwan da ban tabbatar da tsarkinsa ba? Sai da muka wuce jama'a, muka kai wani wuri mai farin yashi inda masunta suka kife jiragensu. Yaya ya kwanta a inuwar wani jirgi, ya rufe fuska da hula.

Na bar shi ya huta. Iska tana kaɗawa, masunta suna gyaran raga, wuri ne da kowa zai ji daɗi. Ni kuwa ina zaune ina kallon galan ɗin. Da rana ta karkata na taɓa ƙafarsa.

"Yaya, nan ruwan yana da kyau."

Bai cire hular ba. "Je ka ɗebo."

"Cewa ta yi da hannunka."

"Kai, wane irin mutum ne kai? Ruwa zai gaya mata wanda ya ɗebo shi? Ka ce ni ne."

"Ba zan iya yi mata ƙarya ba."

Sai ya tashi zaune. Dariyar nan duk ta tafi.

"Kana tsammani ruwa take so? Yau in na ɗebo, gobe ta ce in kawo da ƙafata. In je in ce mata mi? In shiga unguwa da wannan rigar ɗaya, bayan duk abin da aka sani a kaina?"

Na ce ba riga take son gani ba. Ya ce in bar shi. Na roƙe shi ko riƙe galan ɗin ya yi, ni in tura shi cikin ruwan. Ya miƙe ya kakkaɓe yashi, ya kama hanyar komawa.

Ni na shiga har gwiwa, na cika galan ɗin. Sai da muka kusa gidansa ya ce in gaishe da Inna.

A motar komawa Katsina na yi ta shirya abin da zan faɗa mata. Na ce ko in ce "mun ɗebo", tunda tare muka je. Amma na san wannan ma ƙarya ce, an dai yi mata kwalliya.

Na same ta a tsakar gida ta miƙe ƙafafu a kan tabarma. Bayan mun gama gaisawa, ta tambayi lafiyarsa da ta iyalinsa, ta karɓi galan ɗin ta shafa shi.

"Shi ya ɗebo?"

Na sunkuyar da kai. "Ni na ɗebo, Inna."

Ta miƙo mini galan ɗin, ta ce, "Allah shi yi maka albarka. Kai shi ƙarƙashin gado."

Ba ta taɓa buɗe shi ba, kuma ba ta sake aike na wurinsa ba.