Baba Chollom Davou da Maganar Riga

Haihuwa da karatu

An haifi Chollom Davou a shekarar 1952 a ƙauyen Du, kusa da Jos. Mahaifinsa Davou Pam leburan haƙar kuza ne, mahaifiyarsa Vou kuma manomiyar acca ce. Shi kaɗai aka sa a makarantar mishan cikin 'ya'ya bakwai, ya tsaya a aji shida saboda rashin hali, aka yi masa baftisma a 1968.

Aiki da aure

A 1971 ya sami aiki a tashar jirgin ƙasa ta Bukuru, a 1978 kuma ya auri Chundung Gyang, wadda ta zauna da shi shekara arba'in da biyar. A 1980 dattawan ikilisiya suka ba shi ajin ƙananan yara a makarantar Lahadi. Mutum ne da ba ya iya jure kukan yaro. Da ya ba su labarin gicciye a karo na farko, yara suka ɓarke da kuka, sai ya lallashe su da cewa Yesu Allah ne, jikin nan riga ce kawai ya sa, rigar aka kafa wa ƙusa, shi kansa bai ji zafi ba. Yara suka yi shiru. Tun daga ranar haka ya riƙa faɗa duk lokacin Ista, ba wanda ya gyara masa, domin manya ba sa leƙa ajin yara.

Zaman Landan

A 1997 ya koma Landan, iyalinsa suka bi shi bayan shekara biyu, suka zauna a Catford. Ya yi aikin wanke bas a gareji, ranar Lahadi kuma yana koyar da yara a wani ɗakin taro da masu sujada da Hausa suke haya a Deptford. Yaran nan da Turanci suke amsa masa, amma maganar riga sun riƙe ta kamar na Bukuru.

Shekarar 2014

A garejin akwai wani Kirista mutumin Masar mai suna Girgis. Wata rana suna cin abincin rana Baba ya ba shi labarin rigar, yana jin daɗin dabararsa. Girgis ya ajiye burodinsa ya ce, "Ɗan'uwa, wa ya koya maka wannan? Cocinmu da naku sun rabu fiye da shekara dubu da ɗari biyar a kan yadda Allahntakarsa da mutuntakarsa suka haɗu, amma ko mu ba mu taɓa cewa bai ji zafi ba. Masu faɗar haka tun farko aka fitar da su daga coci."

Baba ya je wurin fasto. Fasto ya tabbatar masa cewa tsohuwar bidi'a ce, ta waɗanda suka ce jikin Almasihu kama ce kawai, kuma babban taron da aka yi a Kalsidon a shekarar 451 ya tsaya a kan cewa shi cikakken Allah ne, cikakken mutum ne. Ya ce masa kuskuren rashin sani ne, ya tuba ya kwantar da hankalinsa. Hankalin bai kwanta ba. Ya daina cin abinci sosai, ya rame, in aka karanta ayar da ta yi kashedi ga mai sa yara tuntuɓe sai ya ga da shi ake. Ya ce wa matarsa, wadda yake kira Ngo, "Ngo, shekara talatin da huɗu ina zuba wa 'ya'yan mutane wannan abu a kunne. In aka tambaye ni su, me zan ce?"

Neman yaran

Ya tsaya gaban ikilisiya ya faɗi laifinsa da bakinsa, sa'an nan ya shiga neman duk wanda ya taɓa zama a ajinsa. Na Landan ya bi su gida gida a bas, na Najeriya ya neme su ta waya, ya kuma je Jos sau biyu, a 2016 da 2019. Da yawa sun manta da maganar. Wani da ya zama likita ya yi dariya ya ce, "Baba, mu biskit ɗin da kake rabawa muka riƙe." Wannan bai rage masa tsoro ba.

Akwai Kaneng, ɗalibarsa ta Deptford, wadda ɗanta ya rasu da ciwon sikila a 2017, ta daina zuwa sujada. Da matan zumuntar coci suka je yi mata gaisuwa suka ce Yesu ya san zafin da take ji, ta ce musu, "A ina ya san shi? Ku tambayi Malam, riga aka rataye." Da maganar ta kai kunnensa ya je gidanta a Edmonton sau uku, ba ta buɗe ƙofa ba. A na huɗu maƙwabta suka ce ta tashi, ba su san inda ta koma ba.

Rashin lafiya da rasuwa

A 2021 aka gano ciwon daji a ƙashinsa. Ya sha wahala ƙwarai, amma ba mutuwar yake tsoro ba kamar ya tafi bai sadu da Kaneng ba, duk wanda ya zo dubiya sai ya tambaye shi ko ya ji labarinta. Ya rasu a asibiti ranar Alhamis, 9 ga Maris 2023, da hantsi, matarsa tana riƙe da hannunsa. An binne shi a maƙabartar Hither Green ranar 31 ga watan.

Ya bar matarsa Chundung, da 'ya'ya uku: Dung, Hephzibah da Pam, da jikoki biyar. Kaneng ba ta zo jana'iza ba, har yau kuma ba a same ta ba. Wanda ya san inda take ya taimaka ya isar mata da saƙon da ya bari. Ya ce a gaya mata Malam ne ya yi kuskure, ƙusar nan a nama ta shiga, kuma Yesu ya ji zafinta.