Tanti Lauratu da Haruffa Masu Ƙugiya

A klaviyen kwamfutar Tanti Lauratu, wato allon buga haruffa, akwai maɓallai biyu da rubutunsu ya goge sarai, Alt da X. Na lura da su ranar da na fara kai mata aiki, ina ɗaliba, amma kunya ta hana ni tambaya.

Ƙarfe bakwai take buɗe ɗan shagonta a unguwar New Bell, nan birnin Duwala, ta share ƙofa, ta yaye zanen da ta rufe kwamfuta da shi, ta sa tabarau. Shekara talatin tana buga wa mutane takardu. Klaviyenmu na Faransanci ne, babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ. Zamanin tafireta, da biro take ƙara musu ƙugiya, ɗaya bayan ɗaya. Da kwamfuta ta zo, sai ta haddace lambobinsu. Ta buga 0199, ta danna maɓallan nan biyu tare, ƙ ta fito. Ba ta taɓa rubuta lambobin a takarda ba.

Katin biki, sanarwar masallaci, wasiƙa zuwa Kano, duk wurinta. Matan coci ma kan kawo waƙoƙinsu na harshen Duwala, don ta san nasu haruffan. Ni kuwa, ranar miƙa kundin digirina na tarar haruffan Hausar ciki duk sun zama akwatuna. Na ruga wurinta, ta zaunar da ni, ta ba ni ruwa, ta gyara shafi tamanin kafin la'asar.

Tanti, ke ce kika sa muka ga harshenmu a takarda da kamanninsa. Uwar haruffa, Allah ya saka miki.

Yanzu idanunta sun gaji, likita ya ce ta bar kallon kwamfuta. Abin da ya dame ta ɗaya ne: idan ta rufe, wa zai buga? Yusufa, mai babban shagon buga takardu da ke kallon nata, ya shekara goma yana tsokanarta.

"Tanti, sa k kawai, ça passe, zai wuce haka. Wa ke duba ƙugiya?"

"Wanda ya iya karatu," in ji ta.

Ranar Asabar, ranarta ta ƙarshe, ina wurin sai ga shi da takarda a hannu. Wata tsohuwa ce ta kai masa sanarwar addu'ar mijinta, ta ce in ba irin bugun Lauratu ba ne a bar shi.

"To patron, maigida, ba ça passe ba yau?" in ji Tanti.

"Tanti, ki rufa min asiri."

Ta tashi ta ba shi kujerarta, ta tsaya a bayansa tana faɗin lambobi. Ya yi kuskure, ta buge masa hannu da biro.

"Yatsu kamar rogo. Sake."

Mun gode, Tanti. Mu kuma da muke da kwamfuta a ofis da gida, lamba huɗu ce kawai, mu daure mu koya.

A layi na shida Yusufa ya daina jiran ta faɗa. Ya buga 0257, ɗ ta fito, ya wuce. Ta ɗan tsaya tana kallon yatsunsa. Sannan ta cire tabarau, ta ajiye makullin shago kusa da hannunsa, ta gyara mayafi ta fita. Bai ma ɗago ba.