Muryar da Ta Riƙa Katse Karatun Baba

Na soma manta abubuwa, har wani lokaci sai na koma gida na duba ko na kulle shago, alhali makullin yana aljihuna. Amma akwai yammaci ɗaya da ba na jin zai taɓa fita daga kaina: ranar da muryar wata mace ta fito daga cikin sifikar mahaifina ana tsakiyar karatu, tana ƙorafi a kan daddawa.

Mu 'yan Mandawari ne, sana'ata wankin hula. Mahaifinmu ba shahararren malami ba ne, amma tun ina yaro yake karantar da littattafan fiƙihu a soron gidanmu bayan la'asar. Ɗalibansa magidanta ne na unguwa, teloli da kafintoci da wani mahauci mai yawan barkwanci da ba ya fashi. Da tsufa ya kama Baba sai muryarsa ta dushe. Na kusa da shi ne kawai ke ji, na bakin ƙofa kuwa sai dai su riƙa kallon leɓensa. In ya matsa wa kansa ya ɗaga murya, tari ya sarƙe shi.

Yayana, wanda ke fatauci zuwa ƙasashen waje, shi ya kawo maganin abin. Ya dawo daga wata tafiya da sifika baƙa, ba ta fi tukunyar miya girma ba, amma nauyi gare ta kamar turmi. Ba ta da waya ko ɗaya. Batirinta da injin ƙara sautinta duk suna cikinta, sai ɗan abin magana da ake maƙala wa Baba a wuyan riga. Da na tambayi kuɗinta Yaya ya ce, "Kar ka tambaya, don na san ka, ba za ka yi barci ba. Ka dai riƙe ta amana. Irin wannan sau ɗaya ake saya."

Ai kuwa bai san ya riga ya hana ni barcin ba. Na ɗinka mata riga da ragowar yadi. Ba na sa ta caji sai ina zaune a wurin, don tsoron kar a kawo wuta mai ƙarfi ta ƙone ta. In hadari ya haɗo, ita nake fara ɗaukewa kafin hulunan mutane da na shanya. Matata har cewa take yi da ni da sifikar ba ta san wa ke kiwon wani ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki da ita shi ne ba ta canza murya. Lasifikokin da muka saba da su ihu suke sa mutum. Wannan kuwa muryar Baba ce sak, har da ɗan numfashin da yake ja kafin ya fassara kalma, sai dai ta kai ta har bakin titi. Ɗalibai suka ƙaru. Baba ya dawo da walwalarsa. Mun fi shekara a haka, ko tari sifikar ba ta taɓa yi ba.

Sai ranar nan. Baba yana bayani a kan ruwan da ya halatta a yi alwala da shi, kowa ya yi tsit, sai muka ji wani ɗan sauti, tilin, sannan murya ta cika soron:

"Umma, wallahi daddawar nan da kika aiko ta ƙare, ta garin nan kuma ko ƙamshi ba ta da shi. Don Allah in an sami mai zuwa..."

Baba ya tsaya da yatsansa a kan layi. Kowa ya waiwaya yana neman macen da ta shigo. Mahaucin nan ya gyara zama ya ce, "Allah gafarta Malam, wannan a wane babi take?"

Soro ya ɗauki dariya, har Baba ya murmusa. Ni kaɗai ne ban yi ba. Na rarrafa na kashe sifikar, na sake kunnawa, aka ci gaba. Na sa kowa ya fito da wayarsa bayan an tashi, na bi su ɗaya bayan ɗaya. Babu wadda ke haɗe da ita. Dama ban taɓa yarda wani ya haɗa wayarsa da ita ba, ko ni kaina.

Bayan kwana biyu ta sake. Wannan karon maganar ɗinkin sallar yara ce. Daga nan abin ya zama sai ya ga dama: yau lafiya, gobe muryar ta dawo. Kullum mace ɗaya ce, kullum da Ummanta take magana, kuma ba wanda ya gane ta a cikinmu. Aka shiga hasashe. Wani ya ce gidan rediyo take kamowa. Wani ya ce kayan Turawa haka suke, in sun shekara sai su fara taɓuwa. Mahaucin ya ce shi dai a ganinsa aljana ce, kuma tunda daddawa take nema, a saya mata a huta.

Na naɗe ta a bargo na kai ta wurin wani mai gyara a kasuwa. Ya jujjuya ta, ya gwada ta da wayarsa, ya ƙure sautin har maƙwabtansa suka leƙo. Ya ce, "Malam, wannan lafiyarta ƙalau. In kuma ka gaji da ita ne, ka sayar mini." Ya ɗauko sukundireba wai bari ya leƙa cikinta don ya ga yadda aka yi ta, na fizge abata na fito. A gaskiya ni ma ina son ganin cikin nata, tsoro ne ya fi ƙarfina.

Ranar da wasa ya ƙare ita ce ranar da muryar ta fito a raunane, ta ce, "Umma, na je asibitin, likita ya duba ni, ya ce..." Ban bari ta ƙarasa ba, na yi tsalle na danne maɓallin. Babu wanda ya yi dariya. Baba ya cire abin maganar daga wuyansa, ya ajiye a kan buzu, ya rufe littafi.

"Wannan 'yar wani ce," in ji shi. "Da mahaifiyarta take magana, ba da mu ba. Ba zan zauna ina karantar da halal da haram, muna sauraron sirrin mutane ba. Ka ɗauke ta."

Washegari ya gwada karatu da muryarsa kawai, bai kai rabin shafi ba tari ya tsayar da shi. Mahaucin, Allah ya saka masa, ya kawo tasa sifikar, irin mai fitilu kala-kala da ake sayarwa a bakin titi. Ta mai da muryar Baba kamar ana magana a cikin gwangwani, tana shiii tana ƙauu, kafin a yi nisa kuma cajinta ya ƙare. Baba ya dube mu ya ce in Juma'a ta wuce ba a gano kan abin ba, zai rufe karatun, kowa ya nemi wani malamin. Ya faɗa a hankali, amma na ga idonsa. Karatun nan shi ne abin da ke fito da shi daga ɗaki.

Ni mutum ne mai yawan damuwa, na sani, amma wannan karon damuwar ta zo da wani abu daban: son in gane. Me zai sa abin da ya shekara bai yi kuskure ba ya fara yanzu? Sai na riƙa zama ni kaɗai a soro bayan la'asar, in kunna ta, in rage sautin gaba ɗaya don kar in ji abin da bai kamace ni ba, in zuba mata ido kawai. A nan na lura da wata 'yar fitila shuɗiya a bayanta. Da safe in na kunna, ƙiftawa take yi ba tsayawa, kamar mai neman wani a cikin taro. Da yamma kuwa sai ta yi tilin, fitilar ta tsaya cak. Na ɗauke ta na fita bakin titi, ta koma ƙiftawa. Na dawo da ita soro, kusa da bangon gabas, ta tsaya. Na yi ta kai da kawo da ita a rungume har masu wucewa suka fara yi mini sannu.

Wato akwai wanda take ganewa, kuma yana bayan bangon nan. Bayan bangon kuwa gidan maƙwabciyarmu ne, wata dattijuwa Hajiya da ta goya ni ina jariri. Sai dai tun da 'ya'yanta maza suka yi aure suka zauna da matansu a ciki, ban sake wuce soronsu ba. Haka tsarin yake a wurinmu: abin da ya faru a soro na maza ne, abin da ya faru a cikin gida na mata ne. Ni ban taɓa kai maganar muryar cikin gida ba, don kunyar a ce amanar da aka ba ni ta lalace.

Da yammacin nan ina cin tuwo na tambayi matata, kamar ba da wata manufa ba, ko Hajiya tana lafiya.

Ta ce, "Lafiyarta lau, in ban da wayarta da ta ishe ta. Kullum da la'asar in ta zauna a inuwar bango za ta saurari saƙon 'yarta ta Legas, sai wayar ta kurumce. Tana ganin saƙon yana tafiya, ba ta jin komai. Ta aika da ita gyara har ta gaji, kowa sai ya ce lafiyarta ƙalau."

Na ajiye lomar da ke hannuna. "Sifikar Baba ta taɓa shiga gidan?"

"Sau ɗaya dai. Ranar sunan jikanta, kana ƙauye wurin ta'aziyya. Ta aiko aro, Innarku ta ce a ba ta. 'Yan mata suka haɗa da wayar Hajiyar suka sha kiɗa, kafin magariba aka dawo da ita, na mai da mata rigarta."

"Shi ne ba wanda ya gaya mini?"

"Malam, in an ari turmi ana gaya maka ne? Kuma da an gaya maka, da yanzu muna asibiti da kai."

Ta yi gaskiya. A unguwarmu ba a hana maƙwabci aro, ba a kuma mai da shi labari.

Washegari da la'asar na tura ta gidan, na ce ta roƙi Hajiya ta kunna wani abu da ba sirri ba. Na zaunar da Baba a soro, na kunna sifikar. Tilin. Fitila ta tsaya. Sai ga muryar wani jariri yana ɓangala dariya ta cika ɗakin, ta tsallaka har titi. Ta 'yar tagar da ke saman bango muka jiyo salatin Hajiya.

Ba a jima ba ta fito da kanta, da mayafi da carbi, ta tsaya a bakin soronmu. Ta gaida Baba, sannan ta juyo kaina.

"Kai ɗan nan! Ashe kai ne ɓarawon muryar 'yata? Na goya ka, ka rasa abin da za ka saka mini da shi sai wannan?"

Na durƙusa ina ba ta haƙuri, ina rantsuwa cewa maganar asibitin ba mu ji ƙarshenta ba. Ta ce, "To ka ji ƙarshenta yanzu, don kar ka mutu da tunani: ciki ne da ita. Daddawar kuma tunda duk unguwa ta ji, sai ku haɗa ku aika mata."

Rabon da in ji Baba ya yi dariya irin ta ranar har na manta. Na kira Yaya na ba shi labari. Ya ce ai ba lalacewa ta yi ba, ingancinta ne ya jawo: duk wayar da aka taɓa haɗa ta da ita ba ta mantawa, kuma tana jiyo ta daga nesa, inda ƙananan ba sa kaiwa. Ya kwatanta mini maɓallin da zan danne in riƙe har ta manta. Na danne, amma sai da na ji wani iri, kamar na sa ta yanke zumunci. Ranar Asabar aka koma karatu, daga babin da aka tsaya.

Shekaru sun shuɗe. Hajiya ta rasu, Baba ma ya bi ta. Mahaucin ya sayi irin tasa sifikar ya zubar ban san sau nawa ba, har ya daina faɗa mini. Tamu kuwa batiri kawai aka taɓa canza mata, shi ma sai da na tsaya a kan mai gyaran har ya ce in fita waje in ba shi wuri. Rigarta ta koɗe na ɗinka wata, ita tana nan yadda take.

Saboda tsoron kar wata kalma ta wuce ni, na riƙa ɗaukar karatun Baba a wayata a shekarunsa na ƙarshe. Yanzu wayata ce kaɗai ta sani. Duk ranar Alhamis bayan la'asar tsofaffin ɗalibansa sukan taru a soro, in kunna, ta yi tilin, fitila ta tsaya, sai muryarsa ta fito har da ɗan numfashin nan da yake ja. Wanda ke wucewa a titi zai rantse yana ciki.

Abin da na koya shi ne, abu mai nagarta da ya daɗe yana yi maka aiki ba ya canza hali rana ɗaya. In ya yi abin da ba ka gane ba, ka nemi dalili kafin ka ce ya lalace. Kuma damuwar da ka ɓoye a soro, wataƙila amsarta tana cikin gida, a bakin wadda ke zuba maka tuwo. Ni dai tun daga lokacin, in abu ya dame ni, matata nake fara tambaya. Amma har yau, kafin in ɗaga sauti, sai na leƙa bayan sifikar na duba fitilar nan.