Ƙanena Ya Sayar Da Fuskokin Mutane

Ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya sayar da duk fina-finan hotunan da na ɗauka a rayuwata, ina kwance asibiti a Dosso. Ni mai hoto ne a nan Gaya. Ban yi nisa a karatun lakwal ba, na fita na koyi sana'a, kuma na iya ta. Ɗakina na wankin hoto ƙarami ne, na toshe tagarsa da baƙin bargo, jan ƙwan lantarki ɗaya ne ke ci a ciki. A farantin farko za ka ga fuska tana fitowa a kan farar takarda a hankali, a na biyu ka ɗauraye, a na uku ta zauna. Wanda na ɗauka ya tafi da hotonsa, baƙin fim ɗin ya rage wurina. Ina zuba su a gwangwanin madara, kowane gari da nasa: na Tanda daban, na Tounouga daban. In hoton mutum ya lalace ko bayan shekaru ne, ya dawo in wanke masa sabo.

Waya ta kashe kasuwata, ban musa ba. Amma gwangwanayen nan ba su ci wa kowa tuwo ba. Da ciwon ƙafa ya kwantar da ni, na ba ƙanena makulli don kawai ya riƙa duba ɗigar ruwa. Na dawo na tarar ya fasa bango ya mai da ɗakin butik, wato kanti. Ya ce wani ɗan tsallaken iyaka ne ya sayi fina-finan a buhu, wai ƙona su yake yi ya tace azurfa daga tokar. Har da dariya ya faɗa mini, wai ya share mini bola. Na haɗiye, saboda zumunci.

A shekarar ruwan kogi ya ci gidaje a Tounouga. Wata tsohuwa ta zo daga can, ta biya kuɗin mota da kyar. Ɗanta masunci ne, ya rasu tuntuni, ni na ɗauke shi tsaye kusa da jirginsa, kuma hoton nan kaɗai gare ta. Ruwa ya narkar da hoton. Ta ce jikanta ya girma bai san kamannin ubansa ba, ta kuma tuna mini cewa da bakina na ce mata uwar hoton, wato baƙin fim ɗin, tana wurina, ba za ta ɓata ba. Masu riƙe da kayan mutane, ku ji ni: kada ku ba da makulli ga wanda bai san abin da ke cikin ɗakin ba, ko da nono ɗaya kuka sha.

Na shimfiɗa mata tabarma, na ba ta ruwa, na shiga butik na kamo hannun ƙanena. Ya fara cewa Yaya, ai kwastoma na jira. Na ce su jira. Na tsayar da shi a gabanta na ce: “Ga Inna nan, ta zo karɓar ɗanta. Ni ban iya faɗa mata ba. Kai da ka sayar da shi a buhu, buɗe baki ka gaya mata inda yake.”